Yadda Za Ka Auna Faɗa Ga 'Yan Matakin Farko a Dungeons & Dragons

Ranar da na fara jan ragamar wannan wasa a teburinmu, wasan da jagora ke ba da labari 'yan wasa suna yaƙar dodanni da jifan dayis, mai sihiri ya mutu kafin shayi ya huce. Mai riƙe da shi ya yi kwana biyu yana tsara masa tarihi, har da sunan kakarsa da dalilin da ya sa ya bar gida. Na ɗauko dodon nan da ake kira bugbear, na ɓoye shi a bayan ƙofa, na ce ai guda ɗaya ne kuma su huɗu ne. Dodo ya shammace su, na jefa dayis, sara ɗaya ya ci jini 19. Mai sihiri jininsa 8. Yaron ya dubi takardarsa, ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Sauran awa uku yana zaune yana danna waya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na bi lissafin littafi daidai. Lissafin ne bai faɗa mini komai game da sara ɗaya ba. Jagorar nan a kan bugu na biyar take, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, domin shi na fi sani, kuma ga 'yan mataki na 1 zuwa na 3. Da "jini" ina nufin makin rai, kamar yadda muke faɗa a gidan gem. "Kariya" ita ce lambar da sai maharin ya kai ta kafin dukansa ya shiga. Dayis kuwa ƙwayar da ake jefawa ce irin ta ludo, sai dai a nan akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Idan ka ga 1d6+2, a jefa mai fuska shida sau ɗaya a ƙara biyu ke nan.

Fara da takardun 'yan wasa, ka bar littafin dodanni tukuna

Karɓi takardun kowa ka kwafi abu uku a ƙaramar takarda: jini, kariya, da abin da mutum zai iya yi sau ɗaya ko biyu kawai kafin ya buƙaci hutu. Ga ayarin da zan yi ta misali da shi. Mayaƙi, jini 12, kariya 18 da sulke da garkuwa. Mai warkarwa, jini 10, kariya 16. Ɗan sane, jini 10, kariya 14. Mai sihiri, jini 8, kariya 12, da gurbin sihiri biyu rak, wato damar yin babban sihiri sau biyu kafin hutu. Jimillar jinin ayari 40.

Ka zagaye lambar 8 ɗin nan da biro, ita ce ma'auninka na gaskiya. Dokar wasan ta ce idan duka ya kai mutum sifiri, kuma abin da ya rage daga dukan ya kai cikakken jininsa, ya mutu nan take, babu jifan neman tsira, babu magani. Ga mai jini 8, duk saran da ya kai 16 kabari ne. Ga mayaƙi sai 24. Rubuta waɗannan lambobi biyu a gefe.

Lissafin littafi

Littafin jagoran wasa na 2014 ya ba kowane ɗan wasa iyakar maki huɗu don auna wuyar faɗa. A mataki na 1: mai sauƙi 25, matsakaici 50, mai wuya 75, mai kisa 100. A mataki na 2 an ninka: 50, 100, 150, 200. A mataki na 3: 75, 150, 225, 400. Sai ka tara na kowa. Mutum huɗu a mataki na 1 sun ba ka 100, 200, 300, 400.

Daga nan ka tara makin da littafi ya sa wa kowane dodo, ka ninka gwargwadon yawansu. Guda ɗaya ba a ninkawa. Biyu, sau ɗaya da rabi. Uku zuwa shida, sau biyu. Bakwai zuwa goma, sau biyu da rabi. Idan 'yan wasanka ba su kai uku ba, ka hau ninki na gaba. Idan sun kai shida, ka sauko ɗaya.

Gwada da goblin, ƙaramin dodo mai maki 50. Biyu: 100 sau ɗaya da rabi, 150, bai ma kai matsakaici ba. Uku: 150 sau biyu, 300, mai wuya. Huɗu: 400, mai kisa. Duba yadda ƙarin goblin ɗaya tak ya ɗaga faɗa daga 150 zuwa 300. A manyan matakai ƙarin ƙaramin dodo ɗaya ba ya girgiza kowa, amma a nan shi ne bambancin dariya da jana'iza. Kwanton ɓaunar da ke buɗe Lost Mine of Phandelver, labarin da ke cikin akwatin koyon wasa na 2014, goblin huɗu ne, kuma ya yi ƙaurin suna wajen kwantar da sababbin 'yan wasa.

Wanda ke amfani da sabon littafin 2024 zai ga an rage iyakokin zuwa uku, 50, 75, 100 a mataki na 1, kuma an cire ninkin gaba ɗaya. A can dodanni huɗu masu maki 50 sun zama 200, wato mafi sauƙin rukuni ga mutum huɗu. Lissafin ya yi sauƙin yi, na yarda, amma ni a matakin farko har yanzu ina ninkawa a zuci.

Ƙirga hannaye

A nan zan daɗe, domin nan ne aikin yake. Abin da ke cin jinin ayari shi ne yawan hannayen da ke kawo duka a kowane zagaye, da yawan zagayen da za su yi kafin a kwantar da su.

Goblin yana da kariya 15, jini 7, yana ƙara 4 a jifansa na hari da mai fuska 20, dukansa 1d6+2, kusan biyar da rabi. A kan ɗan sane mai kariya 14, sai ya jefa 10 ko sama, wato kashi 55 cikin ɗari. Saboda haka kowane hari nasa, idan aka haɗa da waɗanda ya kuskure, yana cin kusan jini 3. A kan mayaƙi kashi 35 ne kawai, a kan mai sihiri kashi 65.

Yanzu juya ɓangaren 'yan wasa. Mayaƙi da takobi yana ƙara 5, dukansa 1d8+3. Yana samun goblin kashi 55 cikin ɗari, kuma ko ya same shi, sau biyar cikin takwas ne saran zai kai 7. Ma'ana, sau ɗaya cikin uku ne kawai zai gama da lafiyayyen goblin da sara ɗaya, alhali shi ne gwanin sara a ayarin. Idan ka haɗa su huɗun, za su riƙa kwantar da goblin ɗaya da ɗan ɗoriya a kowane zagaye.

To lissafa da goblin huɗu: zagaye na farko hari huɗu, na biyu uku, na uku biyu. Hari tara, sau 3, jini 27 daga cikin 40. Faɗa ne mai zafi, wataƙila mutum ɗaya ya faɗi, amma za a ci. Ƙara shammata a kai, wato goblin su samu zagaye guda kyauta kafin kowa ya zare makami. Hari goma sha uku ke nan, jini 39. Daga cikin 40. Dodannin ba su canza ba, makinsu bai canza ba, amma ayari ya ƙare. Goblin kuwa yana ƙara 6 wajen ɓuya, don haka shammatar ba abin mamaki ba ce.

Wannan lissafin na bayan ambulan ne, ba ya cin minti biyar, kuma shi nake yi wa kowane faɗa yanzu. Ƙa'idata: idan abin da ya fito ya wuce rabin jinin ayari, faɗan babba ne, kada a yi irinsa fiye da ɗaya kafin hutu. Idan ya wuce kashi uku cikin huɗu, na rage hannu ɗaya.

Akwai abin da ke ɓata lissafin ta ɗaya gefen. Sihirin sa barci na bugun 2014 yana kwantar da dodanni masu jimillar jini 5d8, kusan 22. Goblin uku jininsu 21. Idan mai sihiri ya riga su motsi kuma sun taru wuri guda, faɗan da ka kwana kana tsarawa ya ƙare a jifa ɗaya. Kada ka ji haushi, kada kuma ka ƙaro dodanni don ramuwa. Ya kashe rabin abin da ya mallaka a yinin, ya cancanci tafin da za a yi masa.

Dubi sara mafi girma, ka manta da matsakaici

Koma kan lambar 16 da ka rubuta. Ga duk dodon da kake son sawa, tambayi kanka: mene ne mafi girman abin da zai iya yi da duka ɗaya? Ka tuna idan dayis mai fuska ashirin ya faɗa a 20, ana ninka yawan dayis ɗin duka.

Goblin, ko ya samu 20, iyakarsa 14. Ba zai kashe mai jini 8 nan take ba in dai jinin a cike yake. Shi ya sa nake son sa. Orc kuwa, mai maki 100, gatarinsa 1d12+3 ne. Idan ya samu 20 ya zama 2d12+3, matsakaicinsa 16 cif. Bugbear ɗin da ya yi mini aika-aika dukansa 2d8+2 ne, kuma idan ya shammaci mutum yana ƙara 2d6, matsakaici 18, ba tare da wani 20 ba. Makinsa 200 kawai, wanda jadawali ya kira matsakaicin faɗa ga mutum huɗu. Ka ga inda aka yaudare ni.

Ogre ya fi muni. Jini 59, kulki 2d8+4, matsakaici 13, wato ko mayaƙi sara ɗaya ya ishe shi ya faɗi. Idan ya samu mai sihiri, kusan sau ɗaya cikin huɗu dukan zai kai 16. Sabon jagora yakan so babban dodo guda don ya yi kwarjini, kuma na fahimci sha'awar. Amma faɗa da ƙato ɗaya a matakin farko caca ce: ko su yi masa taron dangi ya faɗi bai taɓa kowa ba, ko ya riƙa ɗauke mutum ɗaya a kowane zagaye. Duka biyun babu daɗi. Ajiye shi sai mataki na 2 ko na 3.

Idan kana son shugaba a faɗan, ɗauki ɗan fashi na littafi, mai jini 11 da duka 1d6+1, ka ninka masa jini, ka ba shi suna da tabo a fuska da bakin magana. Zai daɗe a tsaye, zai yi barazana, kuma ba zai kashe kowa da sara ɗaya ba. Ƙara jini ya fi ƙara ƙarfin duka aminci nesa ba kusa ba.

Dodannin da makinsu ke ƙarya

Wasu sai ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin lambobinsu. Kyarkeci makinsa 50 kamar goblin, amma idan ɗan uwansa na kusa da wanda ake hari, yana jefa dayis biyu ya ɗauki babba. A kan kariya 16 wannan yana ɗaga damar cizo daga kashi 45 zuwa kusan 70, ga cizon 2d4+2, ga kayar da mutum ƙasa. Kobold da kura ma suna da wannan hali na taron dangi. Kyarkeci biyu sun isa.

Ghoul yana sandarar da mutum da farcensa, kuma duk dukan da ya samu sandararre daga kusa ana lissafa shi kamar an jefa 20. Dodon inuwa makinsa 100 kawai, amma yana zuƙe ƙarfin jiki 1d4 a kowane taɓi, idan ƙarfin ya kai sifiri mutum ya mutu, ga shi makamin da ba na sihiri ba rabin illa yake yi masa. Mutum-ɓera kuwa a bugun 2014 takobin ƙarfe ba ya yi masa komai sai na azurfa ko na sihiri, abin da 'yan mataki na 1 ba su da shi. Duk abin da ke hana ɗan wasa motsi, ko ya sa makaminsa ya zama banza, ka ɗauke shi kamar ya ninka makinsa.

Fili

Goblin uku a fili da rana daban suke da goblin uku a kogo. Suna gani a duhu har ƙafa 60, ɗan Adam ba ya gani, kuma mai riƙe da tocilan wuta ya rasa hannu ɗaya. Suna iya ɓuya ko zamewa bayan sun yi harbi a layi guda. Rabin maɓoya yana ƙara 2 a kariya, kashi uku cikin huɗu yana ƙara 5. Ka ba dodanni duhu da tudu da maɓoya gaba ɗaya, ka ɗaga faɗan mataki guda ko biyu ba tare da ka sani ba. Zaɓi ɗaya ka ba su. Sannan ka ajiye wa 'yan wasa wani abu su ma: ƙofa ƙunƙuntacciya da mayaƙi zai tare, amalanken da mai sihiri zai laɓe a bayansa, tulun mai kusa da wuta. Kuma ka faɗe su da baki lokacin da kake siffanta wurin, domin sabon ɗan wasa ba zai tambaya ba.

Yinin gaba ɗaya

Littafin ya ce ayari na iya ɗaukar matsakaita ko masu wuyar faɗa shida zuwa takwas a yini, da kasafin maki 300 ga kowane ɗan mataki na 1. Ni ban taɓa kaiwa shida da 'yan matakin farko ba. Uku nake yi, wani lokaci huɗu, da gajeren hutu na awa guda a tsakiya. A hutun ma dayis ɗin warkewa ɗaya tak kowa ke da shi.

Ga tsarin da ya yi mini aiki. Na farko manyan ɓeraye uku, don kowa ya koyi jifa kuma ya ɗanɗana nasara. Na biyu 'yan fashi huɗu, maki 200 bayan ninki, a wurin da za a iya hango su tun daga nesa a yi shawara. Hutu. Na uku shugaban nan mai tabo da yaransa biyu. A tsakani ka sa su tsinci kwalbar magani biyu, kowace tana mayar da 2d4+2. Kuɗinta zinariya 50 a kasuwa, ba za su iya saya ba a wannan matakin, don haka ka bar ta a jakar wani da aka kayar.

Kuma kada ka bar su su daɗe a mataki na 1. Maki 300 ne ke kai mutum na 2, littafin ma ya ba da shawarar a kai bayan zama na farko, na 3 bayan zama na biyu. Da zarar mai sihiri ya kai jini 14, saran kisa nan take ya koma 28, rabin damuwarka ta tafi.

Idan faɗa ya fara karkacewa

Duk lissafinka, wata rana dayis zai yi gardama. Shirya mafita tun kafin a zauna, domin wadda aka ƙirƙira a tsakiyar rikici kowa na gane ta.

Mafi amfani ita ce raba dodanni kashi biyu. Fara da goblin biyu, ka rubuta cewa wasu biyu suna zuwa a zagaye na uku idan sun ji ihu. In ayari na cin nasara, su iso. In mutum biyu sun riga sun faɗi, ba su ji ihun ba. Babu wanda ya san suna nan sai kai.

Sai dalilin faɗa. Ɗan fashi kaya yake so, ba gawa ba. Ya fizgi jaka ya ruga. Kyarkeci ya samu jakin ayari ya ja shi daji. Goblin ya ga rabin 'yan uwansa a ƙasa ya cika wandonsa da iska. Dokar wasa ta yarda mai sara daga kusa ya zaɓi sumar da mutum maimakon kashe shi, don haka ayarin da aka ci da yaƙi na iya farkawa a ɗaure, an kwashe musu takalma, labari ya ci gaba.

Wanda ya faɗi, bar shi. Yana jifan neman tsira a kowane layinsa, 10 ko sama nasara, uku ta kowane gefe ta yanke hukunci. Sara ɗaya daga kusa a kan sumamme faɗuwa biyu ce nan take. Dodo mai hankali ma zai juya kan wanda ke tsaye da takobi. Haka kuma ka rarraba duka; goblin huɗu su haɗu a kan mai sihiri dabara ce mai kyau a yaƙi, amma a zaman farko zalunci ne.

Littafin dodanni yana rubuta matsakaicin duka kusa da dayis, kamar 5 ga goblin. Yi amfani da wannan lambar a mataki na 1, ka huta da jifa, ka kuma san iyakar abin da zai faru. A teburina na ƙara doka ɗaya, na kuma sanar da kowa: 20 ɗin dodo ba ya ninki sai an kai mataki na 2.

Batun sauya sakamakon dayis a bayan allo, jagorori sun rabu a kai. Ni na daina. Na taɓa cewa "ya kuskure" alhali 18 ya fito, wata 'yar wasa ta hango, daga ranar duk nasarar da suka samu sai ta dube ni da gefen ido. Yanzu a fili nake jifa, gyaran kuwa ina yin sa a yawan hannaye da jini da halin dodo.

Bayan kowane faɗa, rubuta abu uku a bayan takardar nan ta farko: zagaye nawa aka yi, jini nawa ya rage, wa ya faɗi. Faɗa mai kyau a wannan matakin zagaye uku ne ko huɗu. Bayan zama biyu za ka san ko ayarinka irin masu laɓewa su yi shawara ne, waɗanda za ka ƙara wa goblin ɗaya, ko irin masu banke ƙofa da ƙafa, waɗanda za ka rage wa ɗaya ka kuma ƙara kwalbar magani ta uku a jakar ɗan fashi.